Ruwa a Giyar Motar Asibiti

Ranar Alhamis da hantsi aka jawo motar asibitin unguwa da igiya, aka ajiye ta a ƙofar garejin Baba Hanci. Mutum sun fi talatin a bayanta, kowa na magana, babu mai sauraron wani.

Abin da ya faru kuwa, da sassafe mahaifiyar Tela ta faɗi a tsakar gida tana shara, bakinta ya karkace. Nas ɗin asibitin unguwa na dubawa ta ce a wuce da ita babban asibiti nan take. Aka sa ta a motar, Direba ya ja. Suna isa hawan da ke gaban tankin ruwa sai injin ya shiga ruri, motar kuwa ta ƙi gaba. Ta yi fizga biyu, ta tsaya cik. Sai da aka yi awa ɗaya da rabi kafin a sami wata motar da za a iya kwantar da tsohuwa a ciki. Likitoci suka ce ta tsira da ranta, amma hannun hagu da magana sai abin da Allah ya yi. Suka ƙara da cewa da an kawo ta da wuri, da labarin ya bambanta.

Baba Hanci ya haura sittin. Shekara ashirin ya yi a wani kamfanin sufuri yana bin sawun motocin da aka sace, ta ɗigon mai da zanen taya. Da ƙafa ta fara ciwo ya buɗe garejin gyaran giyar otomatik. Hanci ake ce masa domin ba ya ɗaukar sifana sai ya fara sansana mai. Masu tsokana kan kira shi mai giya, shi kuma ya ce tasa ba ta bugarwa, sai dai ta bar mutum a hanya.

Ran nan babu wanda ya yi tsokana. Ya buɗe gaban motar, ya zaro sandar awon man giya, ya shafa a yatsa. Lafiyayyen man giya ja ne garau. Wannan kuwa ya yi kauri, ya koma kamar madarar da aka ɗiga wa jan magani. Ya kai hanci, ya yamutsa fuska.

"Ruwa ne," ya ce. "An zuba mata ruwa."

Tela yana tsaye kusa da shi, idonsa jawur, bai daɗe da dawowa daga babban asibiti ba. Shi ne mataimakin shugaban kwamitin da ke kula da motar. Ya dubi yatsan tsohon, ya dubi jama'a.

"Kun ji ko? An zuba. To wa ya san ramin da ake zuba man giya in ba wanda ya taɓa riƙe motar ba?"

Wata mata ta ce jiya da yamma ta ga Mai Faci tsugune a gindin motar. Mai Faci shi ne direban farko. Wata shida da suka wuce kwamiti ya sallame shi saboda ya ɗauko wa surukinsa buhunan siminti da motar marasa lafiya, kuma Tela ne ya fi kowa matsawa a kore shi. Tun daga nan ya kafa rumfar facin taya a bakin titi.

Kafin Baba Hanci ya goge hannunsa, ƙofar gareji ta zama wayam. Daga inda yake yana jin ƙarar kwanon rumfa na faɗuwa. Suka jefa injin ba da iska a kwata, suka fasa wa mutumin leɓe a gaban 'yarsa da ta kawo masa abinci. Tsohon Hedimasta, shugaban kwamiti, shi ya shiga tsakani da sandarsa. Ya ce kada a kira 'yan sanda sai ranar Asabar, a taru a asibiti, Baba Hanci ya kawo bayanin abin da ya gani a cikin giya.

*

Da azahar Baba Hanci ya ɗaga motar ya shiga ƙarƙashinta. Ya fara da abin da ya kamata ya fara da shi tun da safe. A irin wannan mota man giya na bi ta cikin lagireto ya sha sanyi, kuma idan bututun ya huje a ciki, ruwan lagireto kan gauraya da man ba tare da hannun kowa ba. Ya yi fatan hakan ne, ko da za a yi masa dariya. Ya toshe bututun, ya hura masa iska da famfo, ya jira. Bai zubar ba. Ruwan lagireto na nan cike, kore shar, ba ɗigon mai a kansa.

Ya kwance kaskon ƙasan giya, ya fito da shi haske. Fatar faifan kuloci ta saɓule ta taru a ciki kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Ƙarafan da ya iya hangowa sun fara jan tsatsa. Ya murza abin da ya kwanta a gindin kaskon tsakanin yatsu biyu, sai ya ji ƙaras-ƙaras. Ya wanke da fetur a murfin gwangwani. Yashi ne, fari, mai laushi.

Ya daɗe zaune a kan tsohuwar taya, murfin na hannunsa. Ruwan da aka zuba jiya da yamma ba zai sa tsatsa yau ba. Kafin ruwa ya narka gam ɗin kuloci har fatar ta saɓule, sai ya kwana uku ko huɗu ana tuƙi. Kuma wanda ya zo da mugun nufi da kwalba a aljihu ba ya tsayawa neman yashi.

Matarsa ta kawo masa abinci ta tarar da shi haka. Ya gaya mata.

"Da safe me ka ce musu?" ta tambaya.

"Na ce ruwa ne."

"Maƙwabciyarmu ta ce cewa ka yi an zuba."

Ya juya murfin a hannunsa.

"Malam, ka ga mai zubawar?"

"Ban gani ba."

Ta ajiye kwanon, ta juya. A bakin ƙofa ta ce yarinyar nan ta Mai Faci ajinsu ɗaya da jikarsu, kuma an ce ta rantse ba za ta ƙara taka makaranta ba. Abincin nan har ya huce bai buɗe shi ba.

*

Ya sami Mai Faci yana tsintar ƙusoshi a inda rumfarsa take da. Leɓen ya kumbura har maganarsa ta canja. Bai amsa sallama da wuri ba.

"Ka zo ka ƙarasa ne, Baba?"

"Tambaya na zo yi. Me ka je yi gindin motar jiya?"

"Maganin tari na je karɓo wa maiɗakina. Zan fita na ga tayar baya ta hagu ta yi ƙasa. Shekara huɗu ina riƙe da motar nan, ido ba ya mantawa. Na tsuguna na danna ta, shi ke nan laifina."

"Ta yi ƙasa sosai?"

"Ai dole. Safaya ce. Ni na yi mata faci da hannuna bara, zanenta ma daban yake da sauran ukun. Har na ce zan gaya wa Direba kada ya ɗauki mara lafiya da ita, sai na tuna ba a son ganina a wurin."

"Yaushe aka sa ta?"

"Lahadi da ta wuce ta gabana tayoyinta huɗu iri ɗaya ne. Kuma ba a kawo min wadda ta fashe ba. Duk titin nan ni kaɗai ke faci."

Baba Hanci ya sunkuya ya tsinci ƙusa biyu ya sa a gwangwanin mutumin, ya tafi.

*

A asibitin unguwa Nas tana jera kwalabe. Mace ce mai saurin magana, ba ta ɓoye-ɓoye. Ta ce tun Lahadi motar ba ta ɗauki kowa ba sai Laraba, da aka kai wata mai ciki awo.

"Amma ranar Talata na zo na tarar da ita tana ƙyalli," ta ce. "Har shimfiɗun ƙasa an fitar an shanya a kan katanga. Na ce da Direba ko baƙi za mu yi."

Direba na zaune a benci, saurayi ne mai iyali, yana ta juya hularsa a hannu.

"Wanki ne kawai, Baba. Ko ruwan wankin ne ya shiga?"

"Ko da tiyo ka wuni kana fesa ta, ba zai kai can ba. Ranar Laraba yaya ka ji ta?"

"Idan na sa ta a giyar tafiya sai ta yi jinkiri, kamar tana tunani, sannan ta fizga. Daga ta biyu zuwa ta uku kuma injin ya yi kuka kafin ta kama."

"Ka gaya wa wani?"

"Na ɗauka sanyin safiya ne."

"Tayar baya fa?"

"Ƙusa ta taka. A nan harabar."

Baba Hanci ya dubi harabar. Siminti ne sumul, ana share shi kullum. Ya riga ya yanke a ransa cewa ga mai laifin, ya ɗauki motar ya yi wata harka tasa. Ya tambaye shi kai tsaye inda ya je ranar Litinin.

Nas ce ta amsa. "Litinin kam babu inda ya je. Zazzaɓi ya kayar da shi, ni na yi masa ƙarin ruwa a ɗakin can tun safe har la'asar. Ko banɗaki sai an riƙe shi."

"Motar tana nan a lokacin?"

"Baba, ni kaɗai ce a ciki da mutum ashirin. Rumfar motar kuma tana baya. Ban leƙa ba."

"Makullin fa?"

"Yana aljihuna," in ji Direba, idonsa a kan takalminsa.

Tsohon ya lura da gumin da ke bin wuyan yaron. Wanda ya yi abu da kansa yakan kafe ya yi musu. Wannan kuwa tsoronsa na wanda ke riƙe da maganar wani ne. Bai matsa masa ba. Sau ɗaya ya yi saurin baki ran nan, ya ishe shi.

*

Juma'a da safe ya hau babur ɗinsa. Giyar otomatik na da ɗan bututu a samanta da take shan iska ta ciki. Idan giya ta yi zafi aka tsunduma ta cikin ruwa mai zurfi, sai ta huce farat ɗaya ta zuƙo ruwan ta wannan bututun, da duk abin da ke cikinsa. Saboda haka abin nema shi ne wurin da mota za ta nutse har ciki. An yi ruwan sama mai ƙarfi daren Lahadi, ya san wurare uku da ke cika.

Ƙarƙashin gadar kasuwa baƙin taɓo ne mai wari. Kwarin bayan makanikai jar ƙasa ce. Na ukun shi ne mashigin rafi a bayan masu buga bulo, inda mutane ke yanke hanya maimakon zagaya ta babbar gada. Tun kafin ya sauka daga babur ya ga farin yashi.

Ruwan ya janye, laka ta bushe ta riƙe duk abin da ya taka ta. Ya bi gefe a hankali, hannuwa a baya. Ga sawun amalanke, ga na babura, ga na wata tifa. A ƙarƙashinsu ya sami abin da yake nema, ƙaramar mota ta shiga da tayoyi huɗu iri ɗaya. Ya naɗe wando ya haye. A ɗaya gefen, kusa da wani dutse mai kaifi, ga ramin da jak ya lotsa a ƙasa. Daga nan sawun da ya ci gaba uku iri ɗaya ne, na baya ta hagu daban.

Masu ɗiban yashi biyu suna loda amalanke. Ya gaishe su ya tambaya.

"Farar mota mai jan layi?" in ji babban. "Litinin da hantsi. Mun ɗaga masa hannu kada ya shiga, ya shiga. A tsakiya ta mutu, ruwa har marfin ƙofa. Mu shida muka tura ta."

"Kun ga fuskarsa?"

"Gilashi a rufe, ga ruwa na dukan ido. Mun ɗauka mara lafiya ne a ciki, shi ya sa ba mu tsaya surutu ba. Sai da ta fita muka ga buhuna ne cike da bayan."

"Da ya tsaya canja taya fa?"

"Mun riga mun koma wancan gefen. Bayansa kawai muka hango."

Baba Hanci ya bi sawun har inda ya hau kwalta ya ɓace. Gini ɗaya ne a wurin, makarantar firamare. An fito hutun ƙarfe tara, yara sun cika fili, dukkansu cikin sababbin riguna masu zanen ɗaki-ɗaki, rawaya da kore, ko karin guga bai bar su ba. Ya kalle su kaɗan, ya juya babur.

A gareji ya buɗe bayan motar. An wanke ko'ina tas. Ya ɗaga katakon ƙasa, ga fasasshiyar tayar kwance a ramin safaya, gefenta a yage. Ya cicciɓo ta da ƙyar. Mai wankin bai kai nan ba. Ramin na da sauran damshi da farin yashi, kuma a manne da yashin akwai guntayen zare da ƙyallaye uku, yankan almakashi, irin waɗanda ke zubowa daga bakin buhun ɗinki. Ya wanke ɗaya a bokiti. Ɗaki-ɗaki ne, rawaya da kore.

Ya zauna a bakin motar. Shi ya je ya karɓo wa Tela keken ɗinkinsa na farko daga tasha. Mahaifiyar Tela kuwa ita ta yi jinyar matar Baba Hanci lokacin da aka yi mata aiki.

*

Da la'asar ya bi ta shagon Tela. Ya same shi a kan keke yana ɗinki, ya rame a kwana biyu. A sharar da aka tara bakin ƙofa ga irin ƙyallayen nan birjik.

"Yaya jikin Inna?"

"Tana buɗe ido, Baba. Ta gane ni. Sai ta yi ta motsa baki, abin ba ya fita." Ya ci gaba da taka keken. "Gobe ka faɗi gaskiya. Kada ka ji tausayin kowa."

"Kowa?"

"Kowa."

"To. Abu ɗaya na gano, ɗana. Ruwan nan ba ranar Laraba ya shiga ba. Ya kwana uku a ciki, ko fiye."

Keken ya tsaya. Tela bai ɗago ba. Ya kama zaren allura yana ƙoƙarin zura shi, ya kasa, ya sake, ya kasa. Baba Hanci ya jira har ya ga babu abin da zai fito, ya yi sallama.

*

Ranar Asabar bencinan asibiti suka cika, wasu na tsaye a taga. Hedimasta na gaba da sandarsa. Nas ta jingina da ƙofar ɗakin magani, Direba na kusa da ita. Mai Faci ya zauna shi kaɗai a benci guda, babu wanda ya matso. Tela ya shigo a ƙarshe ya tsaya a bango.

Baba Hanci ya ajiye kaskon giya a kan tebur, da murfin gwangwani, da wata 'yar takarda a naɗe.

"Kafin in yi maganar mota, zan yi maganar kaina," ya ce. "Ranar Alhamis na ce an zuba ruwa. Ban buɗe giya ba, ban duba komai ba, yatsa kawai na shafa. Shekara arba'in ina harkar mota, na san hanya uku da ruwa ke shiga giya, na zaɓi mafi muni na faɗa a gaban mutanen da ransu ke ɓace. Hannuwanku ne suka rushe rumfar mutumin nan, amma bakina ne ya aike ku."

Wani ya yi gyaran murya. Waɗanda ke taga suka daina raɗa.

Ya nuna musu tsatsar da fatar kulocin, ya bayyana kwanakin da hakan ke ɗauka. Ya zagaya da murfin yashin, kowa ya taɓa. Ya ba da labarin mashigin rafi, da sawun tayar, da masu ɗiban yashi.

"Babu wanda ya zuba komai. Motar ce ta sha da kanta, ranar Litinin da hantsi, a tsakiyar rafi. Wanda ya shigar da ita bai yi nufin kashe ta ba. Na tabbata bai ma san abin da ya yi mata ba, tunda ta tashi ta dawo da shi gida."

Idanu suka koma kan Direba. Nas ta ce kada wanda ya fara, yaron na kwance a hannunta ran nan.

"To wane ne?" in ji Hedimasta.

Baba Hanci ya ɗora hannu a kan takardar. "Amsar na cikin nan. Amma na fi so kada in buɗe. Mai ita yana ɗakin nan, kuma zai fi masa sauƙin zama da mu nan gaba idan daga bakinsa ta fito."

Direba ya rufe fuska da hula. Hedimasta ya miƙa hannu zai ɗauki takardar.

"Bar ta, Malam."

Tela ne. Bai bar jikin bangon ba.

"Ƙyallen rigunan makaranta ne. Ni na ɗinka. Ranar Litinin ce ranar ƙarshe da suka ba ni, mai motar da muka yi da shi bai zo ba. Na shigo nan na tarar da Direba a kwance, na ce ya ba ni makulli, awa ɗaya. Ya ce doka ta hana. Na ce ni ne dokar. Na bi ta rafi don in yi sauri. Da na dawo na sa shi ya wanke ta, na ce in ya faɗa wa wani, aikinsa ne zai fara tafiya."

"Kai da ka sa aka kori wancan a kan buhun siminti?" wata tsohuwa ta ce daga taga.

"Ni."

"Ranar Alhamis ka sani?" Hedimasta ya tambaya a hankali.

"Da Baba ya zaro sandar nan na ga kalar man, gabana ya faɗi. Na tuna rafin. Sai ya ce an zuba. Na kama maganar da hannu biyu, don in ba haka ba, ni ne na bar Inna a kan hanya. Ni na fara jan kwanon rumfar."

Babu wanda ya taso masa. Yawancin mazan da ke ɗakin sun ja kwanon nan tare da shi, kowa na kallon ƙasa tsakanin ƙafafunsa. Matar da ta ce ta ga Mai Faci ta ja mayafi ta sulale.

Hedimasta ya ce kwamiti zai cire Tela, gyaran mota na wuyansa, rumfa kuma duk wanda ya sa hannu ya rushe zai sa hannu ya tayar, yau ɗin nan. Sannan ya juya ga Mai Faci ya ce idan yana son a kai maganar ga hukuma, haƙƙinsa ne, shi da kansa zai yi masa shaida.

Mai Faci ya miƙe, ya shafa leɓensa.

"Ba na kai kowa ko'ina. Tsohuwa na kwance, wa zai kula da ita? Abu ɗaya nake so. Ranar Litinin Malam ya raka 'yata makaranta, ya faɗa a gaban ajinsu cewa ubanta bai yi ba."

Hedimasta ya ce ya ɗauka.

Tela ya matso zai durƙusa, Mai Faci ya kauce. "Ba yau ba," ya ce. A bakin ƙofa ya tsaya daidai Baba Hanci, ya rage murya yadda su biyu kaɗai za su ji.

"Kai na fi jin zafi, Baba. Su ba su san mota ba."

"Gaskiyarka," in ji tsohon.

*

Da jama'a suka watse, ya ɗauki kaskonsa ya fito. Tela na tsaye kusa da babur ɗinsa.

"Baba, ka raka ni wurin Inna. Kafin wani ya riga ni. Ni kaɗai ba zan iya shiga ba."

Suka tafi a babur ɗin. A hawan tankin ruwa Baba Hanci ya ji goshin yaron ya sauka a bayansa, ya ƙyale shi a haka har suka isa.

Ɗakin mata na da gado takwas. Tsohuwar na kan na ƙarshe kusa da taga, an jingina ta da matasai, ƙanwar Tela na ba ta ruwa da cokali. Tela ya ce wa ƙanwar ta ba su wuri. Baba Hanci ya tsaya daga bakin ƙofa.

Bai ji kalmomin ba. Ya ga dai yaron ya durƙusa a gefen gadon, yana magana kansa a ƙasa, ya daɗe. Tsohuwar na kallon silin. Da ya gama ba ta motsa ba, har tsohon ya fara zaton ba ta fahimta ba. Sai hannunta na dama, mai lafiyar, ya taso a hankali ya lalubo kunnen ɗanta. Ta murɗe shi da duk ƙarfin da ya rage mata, kamar yadda ake yi wa ɗan shekara bakwai. Tela bai janye ba. Ta riƙe, ta riƙe, hawaye na gangarowa ta gefen fuskar da ya karkace. Sannan yatsun suka saki kunnen, suka koma bayan kansa, suka jawo shi kan ƙirjinta.

Ƙanwar ta dawo da kofi a hannu, za ta shiga. Baba Hanci ya tare ƙofar da hannu.

"Ɗan dakata, 'yata," ya ce. "Ba su gama ba."